Robar Keke Tana Rage Ciwon Gadon Baya

Yawan sunkuyo wajen noma, wanki da ɗinki yana sa naman ƙirji ya ɗaure, na tsakanin kafaɗu kuma ya yi rauni. Daga nan ciwo da ranƙwafawa suke farawa.

A birni ana sayar da robar motsa jiki, amma tsohuwar robar cikin tayar keke ma ta isa, in ba ta tsage ba. A miƙe tsaye, a riƙe ta da hannu biyu daidai ƙirji, a ja a hankali har kafaɗu su koma baya. A ƙirga biyar, a sassauta. A yi sau 10, safe da yamma.

Idan ciwon ya zo da zazzaɓi, rama ko mutuwar hannu, a ajiye roba, a tafi asibiti. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya.