Zaidu Sanusi: Jega Ta Haifa, Fotugal Ta Kwashe Ribar

Ranar 11 ga Fabrairun 2024 Zaidu Sanusi ya buga wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan, inda masu masaukin baƙi suka doke Najeriya da ci 2-1. Bayan kwana biyu Shugaba Tinubu ya ba shi lambar girma ta MON, da alƙawarin gida da fili a Abuja, kamar sauran 'yan wasan. Kafin mako ya zagayo, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan Porto da Estrela da Amadora, kakarsa ta ƙare ke nan. A waɗancan kwanaki, daga gidajen kallon ƙwallo na Birnin Kebbi zuwa na Argungu da Gulma, magana ɗaya ake ta juyawa: namu ne, Kebbi ce ta fitar da shi. Wannan tinƙaho shi ne abin da ya dame ni, kuma har yau bai daina ba. An haife shi a Jega a 1997, wannan babu jayayya. Amma fitar da ɗan wasa aiki ne mai tsari, kuma a Fotugal aka yi wannan aikin, can kuma aka raba kuɗinsa.

A dubi hanyar da ya bi. Ya bar gida a 2016 zuwa Gil Vicente, aka tura shi aro Mirandela, wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin Fotugal mai ƙungiya a rukuni na uku. Nan ya shekara kusan uku yana cin sanyi yana koyon aiki, ba wanda ya san da shi a Najeriya. A 2019 Santa Clara ta ɗauke shi, ƙungiyar tsibiran Azores da ke tsakiyar tekun Atilantika, wadda kowane wasan waje sai ta hau jirgi. Kaka ɗaya kawai ya yi, Porto ta saye shi a watan Agustan 2020, rahotanni suka ce a kan kimanin yuro miliyan 4. Porto ba sadaka take yi ba. Lamba ukunta, Alex Telles, yana shirin tafiya Manchester United, kuma ɗan baya mai ƙafar hagu da gudu irin na Zaidu ba a samunsa ko'ina. A kakarsa ta farko ya ci Marseille a gasar Zakarun Turai, Porto ta fitar da Juventus, sai Chelsea ce ta tare ta a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Ranar 7 ga Mayun 2022 kuwa, a gidan Benfica, bayan cikar minti 90, shi ya zura ƙwallon da ta ba Porto kofin lig na 30 a tarihinta.

Najeriya fa? Sai a watan Oktoban 2020 ya fara saka rigar Super Eagles, a wasan sada zumunci da Aljeriya, yana da shekara 23. Wato sai da Porto ta ce yana da kyau sannan muka gan shi.

Maƙwabcinsa na Sakkwato, Shehu Abdullahi, ya bi ta ɗaya hanyar. Kano Pillars ce ta fito da shi a shekarun da Sai Masu Gida ke lashe lig a jere, kuma saboda yana wasa a gaban idon masu horarwa, ya je Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Turkiyya a 2013, ya je gasar CHAN ta 2014 tare da Stephen Keshi, ya ɗauko tagulla a Olamfik ta Rio a 2016, ya buga wa Najeriya wasa da Kuroshiya a Kofin Duniya na 2018. A rigar ƙasa ya riga Zaidu nesa. A kulob kuwa yawo ya sha: Qadsia ta Kuwait, União da Madeira da ta faɗa ƙasa a 2016, Anorthosis ta Sayifurus, Bursaspor ta Turkiyya da ita ma ta faɗa a 2019, Omonia inda ya ci lig a 2021, Levski Sofia ta Bulgeriya, sannan ya dawo Kano. Rayuwa ce mai mutunci, ba na raina ta. Sai dai yaron Kebbi da ya dubi su biyun zai ga ɗaya ya buga Zakarun Turai, ɗaya ya yi ta canja ƙasa duk bayan shekara ɗaya ko biyu, ya yanke hukuncin cewa tsayawa gida ɓata lokaci ne. Shi ya sa yanzu burin matashi ya tsallake Firimiyar Najeriya gaba ɗaya, ya sami wanda zai kai shi kowane lungu na Turai, ko rukuni na nawa ne.

Abin ya fi tsanani ga 'yan baya. Mai cin ƙwallaye yana tallata kansa: ya ci uku a gasar unguwa, gari ya ɗauka, wani ya ɗauki bidiyo a waya. Aikin lamba uku ko lamba biyar ba ya fitowa a bidiyon minti ɗaya. Sanin inda za ka tsaya, lokacin da za ka haura da lokacin da za ka koma, yadda mutum huɗu za su riƙe layi ɗaya su jefa abokin hamayya a satar gida, duk koyarwa ake yi, shekara da shekaru, a hannun koci da ya san abin. A filayen da yaranmu ke wasa, ƙasa tauri kamar dutse da rani, taɓo da damina, ko zamiya don ƙwace ƙwallo ba wanda zai koya sai mai son barin fatarsa a ƙasa. Masu kallon da suka yi ta ƙorafi a kan yadda Zaidu ke bugo ƙwallo daga gefe a Kofin Afirka suna da gaskiyarsu, ni ma na yi tsaki ba sau ɗaya ba. Amma a ganina wannan tabon makara ne. Abin da ɗan Fotugal ya fara maimaitawa yana ɗan shekara 10, shi sai da ya kusa 20 ya sami mai nuna masa. Gudu da ƙarfi da juriya ya tafi da su daga Jega, kuma su suka riƙe shi har ya koyi saura.

Ana yawan cewa matsalar iyaye ce, wai a Arewa ana ganin ƙwallo shashanci ne. Akwai ƙamshin gaskiya a da, kuma har yanzu akwai uban da zai fi so ya ga ɗansa a fadama ko a kasuwa, wanda kuma ba laifi ya yi ba. Wasu kuma suna cewa masu zaɓen 'yan wasan ƙasa ba sa waiwayar wannan yanki. Shi ma ba a rasa ba. Amma tun da Ahmed Musa ya gina wurin wasanni a Kano da kuɗin ƙwallo, iyaye da yawa sun sauya lissafi, har wasu sun zarce, suna sayar da gona su miƙa wa dillalin da ya zo da alƙawarin gwaji a Turai. Mai zaɓe kuma ko yana da niyya, ina zai zo ya duba? Wace gasa ce ta 'yan shekara 15 ake bugawa duk mako tsakanin Argungu da Jega da Yawuri da Zuru, mai jadawali da alƙalai da sunaye a rubuce?

Nan ne, a ra'ayina, gizo ke saƙar: rashin rajista. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa zuwa ƙasar waje ko a can, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, daga shekara 16 zuwa sama kowace tana da rabin kashi ɗaya. A yi lissafi da yaron da ya zauna a ƙungiyar garinsu daga 12 zuwa 18, daga baya aka sayar da shi yuro miliyan 4: rabon ƙungiyar ya kai kashi biyu da rabi, wato yuro dubu 100. Wannan banda diyyar horarwa da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Kuma dokar ta hana fitar da yaro ƙasar waje kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan keɓantattun yanayi, ma'ana kusan duk shekarun nan a gida za a yi su ko ana so ko ba a so. Ƙananan ƙungiyoyi a Senigal da Mali da Gana sun gane wannan tuni. Génération Foot ta Senigal, wadda ta raini Sadio Mané, da irin wannan tsari da haɗin gwiwarta da Metz ta Faransa take rayuwa.

Mu kuwa ƙungiyoyin unguwanninmu, wani malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa ke sayen riguna da ƙwallo daga aljihunsa. Ba su da rajista da hukumar ƙwallo, yaran ba su da katin ɗan wasa, takardar haihuwa ma sai ranar da ake neman fasfo ake tunawa da ita, wanda shi ke buɗe ƙofar rage shekaru da duk zargin da ke biyo baya. Idan dillali ya zo, sai ya ɗauki yaron ya rubuta shi a wata makarantar ƙwallo ta Legas ko Abuja na 'yan watanni, ita ce za ta fito a takarda a matsayin wadda ta raine shi. Mutumin Argungu ya san wannan ciniki sarai: haka ake loda shanshera a kan arha a kai wani wuri a sarrafa, kafin a kafa injinan Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu.

Illar ba ta tsaya a kuɗi ba. Kocin da ya raini yaro shekara shida ya tashi a tutar babu ba zai sake ɗaukar abin da muhimmanci ba, na bayansa ma sun gani. Yaron da ba shi da tarihi a rubuce ba shi da abin nunawa sai bakin dillali, don haka duk sharaɗin da aka gindaya masa sai ya karɓa. Wanda ya dace ya zama Zaidu. Waɗanda ba su dace ba, bizarsu ta ƙare a wata ƙasa, ko gwiwa ta tsinke tun ba su da Porto da za ta biya kuɗin tiyata, ba a jin labarinsu a gidan kallo.

Na san amsar da aka saba bayarwa ita ce gwamnati ta zuba kuɗi a Kebbi United har ta hau Firimiya, a gyara filin wasa na Haliru Abdu. A gyara, ba na ƙi. Amma ƙungiyar gwamnati da ke neman hawa da gaggawa 'yan wasa take sayowa daga wasu jihohi, kuma Pillars kanta, da duk magoya bayanta, ta faɗa ƙasa a 2022. Abin da ya fi arha shi ne hukumar ƙwallo ta jiha ta bi ƙananan hukumomi 21 ta yi wa ƙungiyoyi da yaransu rajista, ta shigar da su kundin hukumar NFF, ta kafa gasar matasa da ba ta jiran ɗan siyasa ya sa kofi gab da zaɓe. Tun watan Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris wanda ta nan ake bi a biya waɗannan kuɗaɗe kai tsaye, ta hanyar duba fasfon ɗan wasa na kwamfuta, shekara bayan shekara. Ƙungiyar da sunanta ya fito a fasfon ita ake aika wa kuɗi. Shekarar da aka bari babu suna, ba a biyan kowa.