Kaka ta yi: 'Yan Matameye mazauna Kano sun kama hanyar gida

Da an yanke gero a watan Oktoba, 'yan Matameye mazauna Kano sai su fara ɗaure kaya. A Turai, masu hali kan yi irin wannan ziyara cikin mota mai gado da murhu. A nan motar haya ce, da tabarma da buta.

Ana bi ta Kazaure da Daura, a tsallaka iyaka daga Kwangwalam zuwa Ɗan Barto. Rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya hana wasu ganin iyayensu a kakar shekarar.

Kwana biyu gidan gwaggo a Kance, uku wajen abokai a Damagaram. Kuɗin mota ya tashi, amma zumunta a ƙafa take: dattawa ba sa karɓar ta'aziyya ta WhatsApp.