Fujer a Madarunfa: Shukar Da Inuwa Kaɗai Ba Ta Isar Ta

Duk wanda ya zauna a Abijan, Legas ko Faransa ya saba ganin wata shuka mai ganye kamar gashin tsuntsu tana lilo a barandar gidaje. Faransawa na kiran ta fujer. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, kuma rana tsaka maƙiyiyarta ce. Shin za ta rayu a Madarunfa, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40?

Za ta iya, amma da sharaɗi. Irin da aka fi sayarwa, Nephrolepis exaltata, asalinsa dazuzzuka masu laima ne na nahiyar Amurka. Madarunfa kuwa, duk da tafkinta da ke kudu da Maraɗi, wanda ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2019, damina ba ta wuce wata huɗu. Sauran shekara iska a bushe take.

Mai sabon shiga yakan ɗauka ruwa ne maganin komai, sai ya yi ta kwarara mata har saiwa ta ruɓe, ganyen kuma bai daina ƙonewa daga baki ba. Abin da ke kashe fujer a ƙasar Hausa hunturu ne: iskar da ke tsage leɓe ita ke tsotse ganyen. Don haka mazauninta shi ne gindin mangwaro ko dogon yaro, a jikin katangar da ke tare iskar gabas. Kusa da randa ya fi, domin raɓar da ke tsattsafowa daga jikinta na sanyaya wurin. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi ta fi roba, a cika ta da ruɓaɓɓen ganye haɗe da ɗan yashi. A taɓa ƙasar da yatsa. In ta fara bushewa a ba ta ruwa, da safe ko da yamma.

Ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da ke fitowa a bayan ganye ba cuta ba ne, a nan ƙwayoyin haihuwarta suke. Sai dai mai son ƙari ya fi sauƙi ya raba tushen gida biyu da farkon damina.

Nijar ma tana da nata dangin fujer. Marsilea, mai ganye huɗu, na fitowa a bakin tafkunan damina, kuma idan ruwa ya ƙafe sai ƙwayoyinta su kwanta cikin ɓawo mai tauri har wata damina. Baƙuwar ta cikin tukunya ba ta da wannan dabara. Gidan da aka sare bishiyarsa aka malale tsakar gida da siminti, gara mai shi ya fara dasa mangwaro kafin ya kashe kuɗinsa a kan fujer.