Tsofaffin Kuɗi a Hannun Tsofaffi

A cikin birnin Kano har yanzu akwai dattawa da gwaggwanni da suke ajiye da kuɗin da aka daina ciniki da su: anini da kwabo masu huda, da sisi, da sule, da liyari. Waɗansu gado suka ci, waɗansu kuwa tun kuɗin aurensu ne. Tun da naira ta shigo a 1973, da yawa sun ɗauka kuɗin nan ba su da sauran daraja. Ta nan macuta suke samun ƙofa, su bi gida gida suna saye da ɗan abin goro, su kai wa masu neman kayan dā su sayar da tsada.

To, ga abin da ya kamata a sani. Sulen da aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ne, na bayan 1920 kuwa babu azurfa cikinsa. Liyari, watau dalar Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya, nauyinsa giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjinsa. Amma shekarar 1780 da ke jikinsa ba shaidar tsufa ba ce, gama an ci gaba da buga shi da shekarar nan. Saboda haka mai saye ma ana iya ruɗinsa.

Shari'a ba ta bar tsoho ba gata. Dokar Final Kot, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta sa zamba cikin laifuffuka a sashe na 320. Wanda ya ce azurfa gwangwani ce don a sallama masa da araha, ya faɗa ciki. Har wa yau a fikihun Malikiyya, in mutum ya ce bai san farashi ba, ya amince wa abokin cinikinsa, aka cuce shi, yana da ikon warware cinikin.

Sai dai alƙali ba ya hukunci sai da shaida. Don haka muna roƙon malaman makaranta da akawuna su sanar da iyayenmu abu uku. Kada a sayar sai maƙerin farfaru ya auna. A yi cinikin gaban mai unguwa ko shaidu biyu, a rubuta. In ana shakkar asalin kuɗin, a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama.