Daga Shagon Walda Zuwa Kasuwa: Abin Da Mai Ƙirƙira A Kafanchan Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya taɓa sauke buhun busasshiyar citta a Mile 12 ko a Sabo ta Ibadan ya san daga inda ta fito: Kachia, Kwoi, Kagarko, Zonkwa da ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan. Abin da ba kowa ya gani da idonsa ba shi ne wahalar da ake sha kafin ta shiga buhu. Ana tono ta daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, a wanke, sannan mata da yara su zauna da wuƙa suna tsaga ta gida biyu, ɗaya bayan ɗaya, a shanya. Aiki ne mai cin yini, mai cin yatsa kuma.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ji wani mai walda ko ɗalibi ya haɗa injin tsaga citta da kansa. A ce yau wani ƙaninka a Kafanchan ya kira ka ya ce, "Yaya, na ƙera inji, yana aiki, ka taimaka min da jari." Me za ka ce masa? Amsar da ta dace ba ta da daɗin ji: inji guda da ke aiki a gaban mai shi bai zama haja ba tukuna. Sai ranar da wani da bai san shi ba ya zaro kuɗi ya saya, ya tafi da shi ƙauye, ya lalace, aka gyara ba tare da an nemo wanda ya ƙera ba.

Muna da misali a gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya tashi a gidan masu ginin tukwane. A shekarun 1990 ya fito da dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafin da ke ciki. Gauta da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai kusan mako 3. Babu lantarki, babu kalanzir.

To, duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan ilimin tsoho ne. Abin da ya bambanta Bah Abba shi ne aikin da ya yi bayan dabarar ta zauna. Ya ɗauki masu ginin tukwane na yankin suka yi masa tukwane 5,000 na farko da kuɗin aljihunsa, ya raba su a ƙauyuka. Da ya ga mutane ba su kama da wuri ba, kuma yawancinsu ba sa karatu, sai ya shirya wasan kwaikwayo da 'yan wasa na gida, aka ɗauka a bidiyo, ana haskawa da dare a ƙauyuka da janareta. A shekarar 2000 ya ci kyautar Rolex ta dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar. Ka lura da jerin: kyautar ta zo ne bayan tukwane sun riga sun shiga gidajen mutane.

Wani abu kuma da ya shafe mu mazauna Kudu. Wannan tukunya tana son busasshiyar iska irin ta Jigawa. Ka kawo ta Legas ko Fatakwal, inda iska ke cike da laima, sanyin da za ta ba ka kaɗan ne. Ko a Kafanchan ma, da ruwan sama ya fi na Dutse yawa nesa ba kusa ba, sai da rani za ta yi aikin kirki. Haka injin citta yake. Wanda aka gwada da citta wankakkiya, mai girma ɗaya, a cikin shago, zai iya shaƙewa ranar da aka zuba masa ta gona mai taɓo da tsakuwa da 'yan yatsu a karkace. Saboda haka matakin farko ba neman jari ba ne. A ƙera guda biyu ko uku, a ba manoma su yi kaka guda cur da su, mai ƙirar ya riƙa zagayawa da littafi yana rubuta abin da ya karye, da bayan buhu nawa wuƙar ta dakushe, da man da aka ƙona.

Daga nan sai tambayar da ta fi kashe masu ƙirƙira: wa zai biya? Matar da ke tsaga citta da wuƙa ita ce injin zai hutar, amma ba ita ce mai kuɗin sayensa ba, wani lokacin ma abincinta injin zai taɓa, tunda da yawa aikin lada suke yi. Ƙaramin manomi kuma ba zai zuba kuɗi a abin da zai yi aiki wata biyu ko uku ya kwanta sauran shekara ba. Ku tuna yadda injin niƙa ya shiga ƙauyukanmu. Ba kowane gida ne ya saya ba, mutum ɗaya ne ya kafa, ana kawo masa ana biya a kan kwano. Mai sayen injin citta na gaskiya shi ne irin wannan mutumin, ko ƙungiyar manoma, ko dillalin da ke tara kaya. Shi kuwa lissafinsa ɗaya ne: buhu nawa zan tsaga kafin kuɗina ya dawo? Idan mai ƙirƙira ba shi da wannan amsa da lambobi, bai shirya ba.

Kayan gyara ma haka. Boris, bel da kan injin su zama irin waɗanda ake samu a kowace kasuwa, irin na janareta ko injin ban ruwa. Idan oda ta yi yawa, akwai maƙeran kasuwar Panteka a Kaduna da za su iya buga sassa da yawa iri ɗaya. Amma duk inda cittar za ta taɓa, a yi shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, ko da farashin zai ɗaga. Masu fitar da citta waje suna duba tsabta ƙwarai.

Yanzu batun da ke hana mutane barci, wato satar fasaha. Dokar da ke kula da wannan a Najeriya ita ce ta mallakar ƙirƙira da zane ta 1970, kuma ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Takardar mallakar tana aiki shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, matuƙar ana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. Abubuwa uku ne mutanenmu ba su cika sani ba. Na ɗaya, doka tana ba wanda ya riga shigar da takarda fifiko. Na biyu, dole abin ya zama sabo, wanda ba a riga an bayyana wa jama'a ba. Wato wanda ya ɗora bidiyon cikin injinsa a Facebook ko TikTok kafin ya shigar da takarda, yana iya zama shi da kansa ya rusa haƙƙinsa. Manoman da za su yi maka gwaji ma, a yi rubutacciyar yarjejeniyar riƙe sirri da su, ko kuma a fara shigar da takarda tukuna. Na uku, ofishin yana duba cikar takardu ne, ba ya binciken ko da gaske abin sabo ne, don haka wani zai iya ƙalubalantar takardarka a Babbar Kotun Tarayya. Wanda kuma ya yi ƙirƙirar a cikin aikin da aka ɗauke shi ya yi, mallakar ta uban gidansa ce a doka.

Akwai hukumar NOTAP a Abuja da ke taimaka wa masu ƙirƙira tsara takardun da shigar da su. A nemi ofishinsu kai tsaye, ba ta hannun ɗan tsakiya ba. A sani kuma takardar Najeriya a Najeriya ta tsaya. Nijar da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, nasu tsarin daban ne.

A ganina dai, ga inji mai sauƙi irin wannan, takarda ba za ta hana mai waldan da ke bayan layinku kwaikwaya ba, kuma kuɗin shari'a zai fi ribar yawa. Amfaninta na fitowa ne ranar da kake son sayar wa babban kamfani lasisin ƙerawa, ko kake zaune gaban mai zuba jari. Abin da ke tsare ƙaramin mai ƙira a kullum shi ne suna: ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a CAC, ya buga shi a jikin injin da lambar waya, kuma ya zo idan an kira shi. Batun ingancin inji na hukumar SON ne. Idan kuma garin citta ko mai zai ƙulla ya sayar, nan sai NAFDAC.

Sai a yi hattara da jingina komai a kan amfanin gona ɗaya. A daminar 2023 wata cuta ta cinye gonakin citta masu yawa a Kudancin Kaduna, har iri ya yi wuya a shekarar da ta biyo baya. Wanda ya ci bashi ya ƙera injin citta zalla a wannan shekara, ka san halin da zai shiga. Injin da za a iya sauya wa wuƙa ya yanka kurkum ko rogo ya fi tsira.

Ku da ke kasuwannin Kudu kuna riƙe da abin da shi ƙanin naku ba shi da shi a Kafanchan: kun san irin tsagar da masu saye ke so, da kalar da suke ƙi, da abin da ke sa a dawo da kaya. Kafin ka tura masa ko sisi, ce masa ya aiko maka da rabin buhun cittar da injinsa ya tsaga aka shanya. Kai ta wurin mai sayen da ya fi kowa tsanani a layinku, kada ka faɗa masa inji ne ya yi, ka ji nawa zai taya.