Ƙidayar ambato ba ta auna amfanin bincike

Malamin jami'a da ke tasowa daga unguwar Dar es Salam a Yamai, ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Jami'ar Abdu Mumuni, yana ɗauke da tambayar da ke damun kowane mai bincike a yau: a wace mujalla zai buga aikinsa, kuma mutum nawa za su ambace shi? Ƙarin girmansa yana hannun hukumar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a nan Yamai a 1968, kuma rubuce-rubucen da ya buga na cikin abin da take dubawa.

Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ne ya yaɗa dabarar auna darajar mujalla da yawan ambato. Lissafin ba wuya: a ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalolin da mujalla ta buga cikin shekaru biyu da suka wuce, a raba da adadin maƙalolin. Mujallar Complexity, wadda ta fara fitowa a 1995, ta nuna inda gizo ke saƙar. Fanninta shi ne nazarin al'amura masu sarƙaƙiya, inda ƙananan abubuwa da yawa ke cuɗanya su haifar da abin da ba a zata ba, kamar yaɗuwar annoba ko tashin farashi a kasuwa. Da ta koma ƙarƙashin kamfanin Hindawi, inda marubuci ke biyan kuɗin bugu, maƙalolinta suka ninka ƙwarai. A 2023 kuwa aka janye maƙaloli fiye da 8,000 daga mujallun Hindawi, bayan an gano masu ƙera takardun bogi suna sayarwa, suna kuma ambaton juna don lambobi su kumbura. Da zarar an mai da awo abin nema, sai a samu masu danna sikeli.

Ko ba maguɗi ma, shekara biyu ta yi kaɗan. A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa ƙarewar tsirrai a Sahel na iya rage ruwan sama, ƙarancin ruwan kuma ya ƙara cinye tsirrai. An shafe shekaru da dama ana muhawara a kansa. Sannan akwai aikin da ƙidaya ba ta gani sam. Hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ke fitarwa, wadda aka kafa a Yamai a 1974, masu karanta shi ma'aikatan gona ne, su kuwa ba sa rubuta maƙala balle su ambaci kowa. Haka abin da aka buga da Faransanci a mujallun gida, yawancinsa bai shiga manyan rumbunan ƙidayar ba.

Za a ce idan aka jefar da lambobi, sanayya da ubangida za su maye gurbinsu. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa ba a ce a jefar ba. Sanarwar San Francisco ta 2012 abin da ta nema shi ne a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki. Kwamiti ya karanta aikin kansa, ya duba ko hujjarsa ta tsaya, ya tambayi wa ya yi amfani da shi, sannan ya leƙa lambar ambato a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu. Karatun zai ci lokacin alƙalai fiye da duba lamba, kuma wannan lokacin ne jami'o'inmu ba su saba warewa ba.