Kogin Gurara: Ruwan Izom, Ruwan Abuja

Matafiyin da ya tashi daga Suleja ya nufi Minna ba shi da makawa sai ya haye gadar Izom. Ruwan da ke gudana a ƙarƙashinta shi ne Kogin Gurara, wanda da yawa ke ƙetarewa ba tare da sanin inda ya fito ko inda ya dosa ba.

Mafarin Gurara yana cikin tuddan kudancin Jihar Kaduna. Daga can yake gangarowa ta ƙasar Kachia da Jere, sa'an nan ya karkata kudu ya shigo Jihar Neja. Kafin ya iso Izom yakan faɗo daga kan dutse mai tsawon kamar mita 30, wato mashahurin wurin nan da baƙi ke zuwa kallo da damina. A yankin Izom Kogin Tafa ke zubo masa ruwa. Can gaba kuma, cikin yankin Babban Birnin Tarayya, sai ya karɓi Kogin Usuma wanda ya ratso Gwagwalada. Daga nan ya miƙa har ya faɗa Kwara a wajajen Koton Karfe, arewa da Lokoja.

Da hedkwatar ƙasa ta koma Abuja a 1991, jama'a suka yi ta ƙaruwa har madatsar Usuma ta kasa ɗaukar nauyinsu. Saboda haka Gwamnatin Tarayya ta datse Gurara a Jihar Kaduna, ta shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa madatsar Usuma.

Abin lura a nan shi ne, ruwan da aka ɗiba a sama ba ya biyowa ta Izom. Abin da ya saura bayan Abuja ta sha sai ya bi Usuma, ya komo Gurara a ƙasa da garin. Ke nan manoman rani da masuntan Izom da makiyayan da ke shayar da dabbobi a bakin kogin sun dogara ne ga abin da aka sako daga madatsa.

Ba wanda zai hana birni ruwan sha. Amma ya kamata mahukunta su tsayar da ƙa'idar ruwan da za a riƙa sakowa da rani, su kuma sanar da jama'a kafin a buɗe ƙofofi da damina, domin kogi na kowa ne tun daga mafari har mashiga.